Akushin Baftisma da Na Sa Aka Fitar

Edita, lokacin da soja suka koma bariki aka shiga mulkin farar hula, ni saurayi ne da ya samu aiki a wata jami'a a jihar Kano. Na baro garinmu a kudancin Kaduna da takardun shaida a jaka, da girman kai da ya fi jakar nauyi. Ina zaune a Wudil, ranar Lahadi kuma in hau babur zuwa wata 'yar coci a wani ƙauye bayan Darki. Mutanenta manoma ne, iyayensu Maguzawa. Da suka ga ina karatu ba gargada sai suka sa ni a kwamitin coci, ni kuwa na ɗauka garin aka ba ni.

Abin da ya fara tsone mini ido shi ne wurin baftisma. Wani babban baƙin akushi ne a kan kifaffen turmi kusa da ƙofa. Katikis, dattijon da ke jan addu'a in Fada bai zo ba, ya ce da can a kogi ake yi, sai aka ga jarirai ba sa jure ruwan, shi ne mutumin da ya fara karɓar bishara a ƙauyen ya sassaƙa akushin da hannunsa. Duk wanda ke cocin, a kan akushin nan aka zuba masa ruwa. Akwai wata tsohuwa da ke shafe shi da man gyaɗa kowace Asabar don kada ya tsage. Mijinta ƙanen mai sassaƙar ne, shi kaɗai ya rage a gidansu bai karɓi baftisma ba, ita kuwa tun tana amarya take yi masa addu'a. Duk an gaya mini wannan, ya shiga ta nan ya fita ta can, don ni kunyar abokan aikina nake ji in sun biyo ni ibada suka ga akushin.

Ana nan sai wani kansila da ya ci zaɓe ya aiko mana da siminti. Na tsaya kai da fata a gina wurin baftisma irin na birni, har da tayil. Katikis ya roƙe ni a ajiye akushin ko a lungu ne. Na ce masa a gaban kowa, abin nan da kayan tsafi ya yi kama. Na san maganar da za ta rufe bakin 'ya'yan Maguzawa ke nan, shi ya sa na faɗe ta. Aka fitar da akushin. Magina suka same shi a waje suka riƙa kwaɓa siminti a ciki, rana ta buge shi ya tsage gida biyu. Ranar bikin buɗewa ya shiga murhu tare da sauran itace, aka dafa shinkafa, ni ma na ci.

Da damina mijin tsohuwar nan, ƙanen mai sassaƙar, ya kwanta ciwo. Wata Lahadi da Fada ya zo, sai ga shi an kawo shi a amalanken shanu, matarsa na biye tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ashe ya ce a kai shi a zuba masa ruwa a akushin wansa, yana so ya tafi inda wan ya tafi. Ita ta ɓoye masa abin da ya faru, tana ganin in ya iso ƙofa ba zai juya ba. Ya dubi tayil ɗin, ya tambaya ina akushin. Katikis ya sunkuyar da kai, dole ni na yi bayani, har ina ƙarawa da cewa ruwa duk ruwa ne. Wani ya raɗa masa sauran labarin. Bai yi faɗa ba. Ya ce in aikin hannun wansa tsafi ne, to ashe shi da wan hanyarsu ɗaya tun asali, a mai da shi gida. Fada ya bi shi har ɗaki da ruwa a kwalba, tsohon ya juya fuska bango. Kafin a yanke gero ya rasu.

Tsohuwar ba ta daina zuwa coci ba, ba ta daina ce mini ɗana ba, har ta tambaye ni ya aiki, ya mutanen gida. Da zagina ta yi da na samu sauƙi. Da nata ajalin ya matso, ta bar wasiyya kada a kai ta maƙabartar coci, a binne ta a bayan gida kusa da mijinta, don kada ya kwanta shi kaɗai.

Na nemi gafarar Allah, na nemi ta katikis, amma wanda ya kamata in roƙa ya tafi. Ku matasa da ake ba ku ragama don kun yi boko, in kun tarar da tsohon abu a wurin mutane, kafin ku ce a fitar ku tambaya ko akwai wanda ake jira da shi. Ni an gaya mini tun ranar farko, ban ji ba ne.