Lambar da Na Goge

Na haura hamsin kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Television, bayan masaƙa ta sallame mu. Shekarar da hannuna ya fara zama a kan fensir, autata ta kawo wata 'yar na'ura gidanmu na Romi, ta rataye a bangon falo. Digiri na biyu take yi a kan iska. Na ce mata, duk faɗin duniyar nan ta rasa abin karantawa sai iska?

Ba ta yi fushi ba, yarinyar nan ba ta gajiya da bayani. Ta ce na'urar nauyin iskar da ke bisa kanmu take aunawa. Rana ce ke ɗumama iskar can ƙololuwa, inda jirgi ba ya kaiwa, sai ta riƙa hawa da sauka a kan lokaci kamar numfashi. Ƙarfe goma na safe lambar da na'urar ke nunawa ta hau, huɗu na yamma ta sauka. Na sa ido, haka ɗin ne kuwa.

Da damina tafiyar mako biyu ta kama ta. In littafin awon ya samu giɓi, aikin watanni ya tashi a banza.

"Mama, ke za ki riƙa rubutawa."

"Yau kuma jahilar ta yi rana?"

Na karɓa. Sai dai ban yarda da hannuna ba, kullum sai na gwada lambar a bayan kalandar coci kafin in kai ta littafi.

Kwana takwas lambobi na tafiya yadda suka saba. A na tara hadari ya taso daga wajen kogi, gajimare ya jeru kamar kunyoyin doya. Ƙarfe huɗu lambar ta hau maimakon ta sauka. A ajinmu, duk wadda amsarta ta saɓa da ta kowa, ita ce ta yi kuskure. Na goge, na sa irin ta jiya.

Tana dawowa, ko jaka ba ta ajiye ba, ta buɗe littafin, yatsanta ya tsaya a kan gurbin da na goge.

"Mama, me ya faru a nan?"

"Gyara na yi. Ba malamin da zai ce uwarki ba ta iya lamba ba."

Ta zauna a hankali. "Wadda ta kauce ɗin nake jira tun bara. Hadari yakan tura iska sama, igiyarta ta bazu kamar an jefa dutse a ruwa. Sawunta ne kika gani."

Idonta ya cika, amma ko murya ba ta ɗaga mini ba. Da ni ce, da maƙwabta sun ji.

Na ciro kalandar, na juya bayanta. Ga lambar nan, a karkace, ƙarƙashin ta ranar takwas. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini fensir.

"Mayar da ita da hannunki. Ke kika kama ta."