Santimita Ɗaya ta Baba Rabo

Kafin rana ta yi zafi, Baba Rabo ya riga ya share ƙofar likitar Madawa, wato asibitin garin, ya jera masu ciwon kurkunu a inuwar tsamiya. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tsinkensa, yana naɗe tsutsar a hankali, santimita biyu yau, uku gobe. In mai ciwo ya ƙosa ya ce a fizge ta kowa ya huta, sai ya ce masa: "In ta tsinke ciki, ƙahwar ga ba ta noma bana." Haka Madawa ta san shi shekara da shekaru, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Awon Faransa bai taɓa ba shi tsoro ba. Mutanenmu sun saba da kamu da taki da gaba, shi kuwa yakan ce kamun dogo ba na gajere ba ne. Yana nuna wa mai tambaya kaurin farcensa, ya ce ga milimita. Goma irinta santimita ɗaya, santimita ɗari mita guda, mita dubu kuma kilomita, tazarar da ke tsakanin duwatsun da aka kafa a bakin hanya. Wanda bai gane ba, sai ya sake masa daga farce, ba ya gajiya.

Aikin da ya fi yi masa nauyi shi ne riƙon sandar awo lokacin ɗaukar soja. A shekarar da yaƙin Turawa ya ɓarke, aka tara samarin ƙasar Buza, lokotoro, wato babban likita, na zaune a teburinsa, Rabo na tsaye da doguwar sanda mai jan layi. Wanda kansa ya kai layin ya tafi, wanda bai kai ba ya koma gida.

Cikinsu akwai Lurwanu na Allakaye, ɗa ɗaya tilo ga wata gwauruwa mai suna Saude, shi ke noma mata gona. Gajere ne, kuma 'yan matan dandali sun sa shi gaba da waƙa a kan haka. Sai ya ɗauki awon nan tamkar filin kokawa. Ya zo da tukkunsa a tsaye, ya miƙe wuya, ya ɗaga diddige a ɓoye cikin wandonsa mai faɗi. Da Rabo ya sauke katakon da ke jikin sandar bisa kansa, sai ga shi ya taɓa jan layi. Saude na bayan danga, ta kama bakin zanenta.

"Diddige ƙasa, ɗana," in ji Rabo.

Lurwanu ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah kak ka kunyata ni gaban 'yan garinmu."

"Uwarka ta can?"

"Ita ta."

"To wa za shi yi mata shibka?"

Bai jira amsa ba. Ya dafa kafaɗarsa har diddigen ya taɓa ƙasa, ya danne tukkun da tafin hannu, ya sake sauke katako. Saura santimita ɗaya. Ya faɗi lambar da ƙarfi, aka sallame shi. Samarin suka kwashe da dariya, Lurwanu ya fita idonsa jawur. Shekaru bayan nan, in ya zo kasuwar Madawa ya hangi Rabo sai ya sake hanya.

Waɗanda suka yi dariyar nan an kai su nesa, kilomita dubbai, har hayin teku. Wasu sun dawo, wasu har yau iyayensu na jira. Wannan abu yana cin ran Rabo, domin shi ya auna su, kuma gaskiyar sanda ya faɗa a kansu yadda ya faɗa a kan Lurwanu. Yakan ce har yanzu yana tuna kan kowannensu ƙarƙashin hannunsa.

Baba Rabo, kai ne ba ka taɓa ƙara wa kowa tsawo don a yaba maka ba. Kai ne ka yarda yaro ya ƙi ka, muddin uwarsa ba ta kwana da yunwa ba. Mai hannu a hankali, mun gode. Masu tasowa a aikin likita, da duk mai riƙe da ma'auni, ku dube shi: ku duba ƙafar mutum kafin ku faɗi tsawonsa.

Ran kasuwar da ta wuce, jaki ya tsaya a ƙofar likita da damen gero biyu. Saude ce a gaba, ta tsufa amma da ƙarfinta, Lurwanu na biye. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Rabo. Rabo ya ce ya tashi tsaye ya gan shi. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ɗora masa hannu a ka.

"Har yanzu ba ka kai ba," in ji shi.

Lurwanu ya share ido da hannun riga. "Alhamdu lillahi, Baba."