Shekarar da Inna Ta Bar Gonar Nesa

Wata Laraba ce da la'asar sakaliya, a daminar shekarar da masu boko ke kira 1926, Inna ta shigo gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tarka, da ƙunshin itace a ka, zanen goyo ɗaure tamau a ƙirjinta, amma babu kowa a bayanta. Ina tsugune ina wanke allona. Kaka, wadda ta haifi Babanmu, tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ta ɗago ta ce, "'Yar nan, ina Habu?" Inna ta kai hannu baya ta shafa wayam. Itacen ya zube, ta juya da gudu, na bi ta.

Tun saukar ruwan shuka gardin kumandan, wato dogarin Bature mai mulki, ya zo ya kwashe mazan garin zuwa aikin hanya wajen Tanut, har da Baba. Baba ya bar mana gona biyu, ɗaya a bayan gida, ɗaya can bayan tudu. Inna ta ƙudura a ranta ba zai dawo ya tarar da ciyawa a ko ɗaya ba, don ni dai ban taɓa ganin mace mai son mijinta kamarta ba. Kafin asuba ta yi surfe ta yi daka, ta ja guga a rijiyarmu mai zurfin da ba a hango ruwanta, ta dama mana fura, sannan ta saɓa hauyar tsaye da ƙanena Habu a baya. Ni ce mai kiwon awaki da tsinko tafasa, ko da yake rabin yinina a wasan carabke da ɗinka wa 'yar tsanar kara zane yake ƙarewa. Inna ta rame, ta daina waƙar daka, ƙaramin abu sai tsawa. Ranar nan ta kwantar da yaron a gindin aduwa a gonar nesa, gajiya ta sa ta ɗaura zane ta taho.

Muna gudu rana na faɗuwa, kuma kowa ya san kura na yawo a bayan tudun. Da muka isa sai muka tarar da wata Buzuwa mai kiwo zaune a gindin aduwar, Habu a cinyarta yana wasa da awarwaronta. Ba ta jin Hausa sosai. Ta miƙo shi, ta dubi idon Inna, ta nuna mata ƙasa alamar ta zauna, ta ba ta nono a akushi. Inna ta sha tana kuka.

Na ɗauka Kaka za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Da safe ta ɗauke hauyar ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce bana an bar wa ciyawa gonar nesa. Inna ta ce hatsin bayan gida ba zai kai mu wata damina ba, kuma da wane ido za ta dubi mai gida. Kaka ta ce, "In rumbu ya gaza sai mu sayar da akuya. Ke in kin faɗi, a wace kasuwa zan sayo wa yaran nan uwa?"

Daga nan gidan ya sake. Matan unguwa suka soma haɗa daka, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, mai jego ta riƙe yara. Da azahar Inna takan kwanta a inuwar rumbu ina yi mata tsifa, wata rana har na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Baba ya dawo ana girbi, ta hanyar tudu. Da ya ga gonar ta zama daji sai ya zaci mutuwa aka yi, ya ƙarasa gida da gudu ƙafa duk ƙaya. Inna ta sunkuyar da kai za ta ba shi haƙuri, shi kuwa ya tsaya yana kallonta kamar ranar da aka kai masa ita, yana ta hamdala. Hatsin bai kai ba, gaskiya. Mun sayar da awaki, mun ci tafasa har ta gundure mu, amma damina ta same mu cif, ba wanda ya ragu.

Yanzu jikokina mata suna aikin asibiti da na biro, wato ofis, a Damagaram, su fita da safe su dawo a gajiye ga yara na jira, ba Kaka a ƙofar ɗaki. Nakan ba su labarin nan, wasu su yi dariya. Amma wata ta rage aikin dare, yaranta sun soma jin waƙarta. Kowa dai yana da gonar da ya kamata ya bari wata shekara.