Gidan da Alhaji Ya Mayar Nijar

Rubuta, Auta. Ni ban iya ba, kuma hawaye sun hana ni gani.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu a Greenbelt, nan Maryland ta Amurka, ya san Alhaji, mijina, ya raba ɗakunan nan kamar ƙasar Nijar. Ƙofar shiga Yamai ce, kicin Galmi, garin albasa, ɗakinmu Madawa, garinsu. In baƙo ya nemi bayi sai ya ce, "Ka kai Doso, ka yi dama, Gaya ce, akwai ruwa." Wani ɗan jarida Bakano ya tsaya tsakar falo yana raba ido, ya ce, "Alhaji, don Allah a taimaka, ban zo da fasfo ba!"

Albasar kanti kuwa, ya shinshina ya ajiye. "Wannan ruwa ne da riga." Ya sa aka kawo masa irin ta Galmi, ya shuka a bokiti kan baranda. Ƙanƙara ta sauka, ta kashe ta. Na ce, "To, manomi?" Ya ce, "Hajiya, baƙuwa ce, ba a saya mata rigar sanyi ba. Laifina ne."

A taksin da yake tuƙawa a Washington, in fasinja ya ce bai san Nijar ba, shi ke nan, ya jawo wa kansa! Sai Alhaji ya kashe mita, ya fara: gishirin Bilma, shanun Azawak, yuraniyom na Arlit. Na ce, "Lacca za mu ci a gidan nan?" Ya ce, "Yau jahili ɗaya ya ragu a Washington."

Ke kuwa, Auta, kin fi kowa shan wuya. Ba ki cin tuwo sai kin jero garuruwan hanya tun daga Yamai. Kina kuka da Turanci, yana cewa, "Yi kukanki, amma bayan Dogon Dutsi sai ina?" Na yi ta faɗa da shi. Ya ce, "Ranar da ba ni, wa zai kai ki gida, Hajiya? Allon hanya kike karantawa?"

A nan Maryland muka binne shi. Da kika raka ni gida Madawa gaisuwa, shekara ashirin rabona da hanyar, ban gane komai ba. Sai na ji kina gaya wa direba da Hausa, "Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi. Ka tsaya Galmi, zan saya wa Baba albasa." Sannan kika tuna babu shi.

Kin kai ni, Auta. Ya Allah, Ka kai shi gida shi ma, Ka yalwata masa kabarinsa. Amin.