Dutse Mai Saƙar Zuma

Jiya 'yata ta dawo daga jami'a da wani dutse mai ramuka kamar saƙar zuma. Ta ce halittar teku ce ta zama dutse, da irinsa ake gane shimfiɗar ƙasa ɗaya a garuruwa daban-daban. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A da, haƙar rijiya muke yi tare. Duk dutsen da guga ya fito da shi, sai ya tofa masa yawu ya murza da yatsa. Wata rana a wani ƙauye kan hanyar Fika, ina can ƙasa ina shaƙar danshi, guga ya kai masa irin dutsen nan mai saƙar zuma, sai na ji muryarsa ta canza.

"Ajiye diga, kama igiya!"

"Kawu, ruwa ya kusa fa."

"Na taɓa ganin dutsen nan a Damagum. Baƙar laka ce ƙarƙashinsa, ba ta riƙe bango. Fito!"

Mutanen da ke sama suna jawo ni, ƙasa na zubo mini a wuya. Gwiwata na taɓa bakin rijiyar, cikinta ya rufta da digata. Kawu ya zauna daɓas.

Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya kai haske makwancinsa.