Yadda Muka Yi Wa Autarmu Shiru

Autarmu ba ta taɓa ce wa Inna "ina jin ƙishirwa" ba. In ƙishirwa ta kama ta, sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce "Esi fafa! Esi fafa!", wato ruwan sanyi da yaren Mina, da irin jan da masu tallar ruwa suke yi masa a bakin kasuwar Assigamé. In tsoro ya kama ta, sai ta ce "ba komai, ba komai" da muryar Inna. In kuwa tana son a ƙyale ta, sai ta kama karanto sanarwar mutuwa ta gidan rediyo da Faransanci, tun daga sunan mamaci har ƙauyen da za a binne shi. Ba ta kallon mutum cikin ido, tana iya wuni tana juya murfin tukunya a ƙasa, amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan. Zai fito bayan kwana biyu ko bayan wata, da muryar mai shi, har da tarinsa.

A tsohon Zongon Lome muke a lokacin, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya. Baba yana sayar da turare da carbi kusa da kasuwa, Inna tana koko da ƙosai a ƙofar gida. An kai Auta wajen malamai, ta sha rubutu har ta gaji, an ce iska ce, an ce mayu ne, an ce Inna ta yi wanka da magariba tana da cikinta. Daga baya kowa ya haƙura, ta zama abin nishaɗin gida. Matan haya in sun gaji da daka sai su ce, "Auta, yi mana ladan," ba za ta yi ba, sai can ana tsakiyar wata hira ta ɓarke da kiran salla har tsofaffi su fara neman buta. Ni ce babbar yayarta, ina 'yar shekara goma sha huɗu, kuma ni ce tafintarta. Na san wace magana ce yunwa, wace ce ciwon ciki, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda nake alfahari da Faransancin da nake koyo a lakwal, wato makarantar boko.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Mu 'yan makaranta ana fitar da mu animasiyo, wato rawa da waƙar yabon shugaban ƙasa, mu jera a bakin titi da kaya iri ɗaya tun hantsi muna jiran motarsa ta wuce. Wata rana na faɗi a layi saboda rana, aka yayyafa mini ruwa aka tashe ni na ci gaba da tafi. Na dawo gida ina kuka ina masifa, don ni ban iya haɗiye abu ba tun ina ƙarama. Baba mutum ne mai kama bakinsa, amma ranar ya ga leɓena ya tsage, ya yi tari ya ce, "Uban da zai shanya 'ya'yansa a rana su yi masa rawa, wannan ba uba ba ne, dodo ne." Inna ta ce, "Malam!" Auta tana gefen gado da murfin tukunyarta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Maganar ta fito ne da safe a ƙofar gida, mutane sun yi layin koko. A cikinsu akwai shugaban reshen jam'iyya na unguwarmu, Bahaushe ne kamarmu, sahu ɗaya suke salla da Baba. Auta tana zaune a gindin turmi, ta yi tarin nan na Baba, ta sako maganar tiryan-tiryan da muryarsa. Ludayin Inna ya tsaya a sama. Wata mata ta ɗauki kwanonta ba koko ta wuce. Shugaban reshen ya karɓi nasa, ya hura, ya kurɓa, sannan ya ce wa Inna da Hausarsa ta Zongo, "Mma, yarinyar nan naku rediyo ne. Amma rediyo, ka sani, abin da an sa masa shi yake faɗi. Atansiyo dai, a yi hattara." Ya gaishe ta da kyau ya tafi.

Ba wanda ya zo ya kama Baba, amma mun yi makonni muna jira. Mu ne ake ce wa baƙi ko da a nan aka yanke mana cibiya, kuma a ɗakin ƙarshe na gidanmu akwai dangin da aka koro daga Gana da tabarma da buta kawai. An san mutanen da aka kira su amsa tambaya ɗaya, iyalansu suna nan suna jira. Baba ya rame. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe ya sa hula. Ya tara mu ya ce baki shi ke yanka wuya, daga yau ba mai yin magana a gaban yarinyar nan, mai daɗi ko marar daɗi, tunda ba mu san wadda za ta ɗauka ba. Ni aka ɗora wa kula da ita.

Na yi aikin da kyau, abin da ke cina ke nan. Ba a kulle ta ba, ba a doke ta ba, ba a rage mata abinci ba. Magana kawai aka ɗauke. In ta shigo ɗaki hira ta mutu. Matan haya, da kowacce take da abin da ta taɓa faɗa a bakin rijiya, suka daina kiranta. Aka mayar da rediyo shagon Baba. Aka daina zuwa da ita kasuwa. Da safe ina zaunar da ita a bayan ɗaki har layin koko ya watse, in ta fara wata magana in sa mata ƙosai a baki. Kuma ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Ina kallonta ina cewa a raina, ke ko tausayin tsohon nan ba kya ji? Na manta sarai cewa ni na shigo da kukan da ya sa shi magana.

Da farko ta yi ta maimaita tsofaffin maganganunta, ta bi mu da su ɗaki ɗaki kamar mai talla. Ba mai amsawa. Ni da na san "ba komai, ba komai" tsoro ne, na ji ta tana faɗa a bayan ɗaki, na ci gaba da wankina. Sannu a hankali sanarwar rediyo ta gajarce, kiran salla ya tsaya a rabi. Ta koma cizon bayan hannunta har ya yi kanta, in ƙishirwa ta dame ta sai ta buga goshi a jikin randa. Kafin a tashe mu daga tsohon Zongo zuwa bayan gari, Auta ta daina magana gaba ɗaya. Gida ya samu lafiya, Baba ya mayar da jikinsa, har Inna tana cewa rubutun ne ya fara aiki. Ni ma na ji sanyi a raina, na yi barci mai daɗi.

Sai da na zama malamar makaranta, a wani kwas da aka yi mana kan yara masu lalura, wata likita ta yi bayanin abin da ta kira otizim. Ta ce ƙwaƙwalwar wasu yaran ba ta tsinkar magana kalma kalma, dunƙule take ɗaukarta da murya da komai, yaron ya ajiye, ya riƙa ara yana biyan buƙatarsa da ita. In ana yi masa magana ana amsa masa, wasu sukan fara ɓantara suna haɗa tasu. Ta ce ba duka ba, wasu. Na riƙe wannan "wasu" na shekaru ina lallashin kaina da shi, wai wataƙila Auta ba ta cikinsu. Ban sani ba, kuma mu muka hana a sani.

Lokacin da bakuna suka buɗe a ƙasar, yara suna zagin gwamnati a titi da rana tsaka, Baba ya tsufa, ido ya fara tafiya. Ya ɗauki wata ɗabi'a: bayan la'asar sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma kusa da Auta, wadda ta zama mace cikakkiya, ya yi ta yi mata hira. Labarin Kano da bai taɓa gani ba, farashin turare, sunayen kakanninsa. Yakan tsaya ya ce, "Faɗi mana, uwata. Faɗi abin da kika ga dama, yanzu ba mai kama mu." Ita kuwa tana kaɗa jiki tana kallon bango.

Wata ranar Juma'a na kawo musu abinci daga gidana. Ina ɗaga labule Auta ta juyo, ta dubi ƙafafuna, ta buɗe baki. Muryar ta fito a shaƙe saboda daɗewa, amma na gane ta, muryar yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, ƙasa-ƙasa, da sauri.

"Ku yi shiru, ga ta nan zuwa."

Baba ya ɗaga hannu sama yana hamdala, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ta yi magana! Kin ji? Muryar wa ce wannan?"

Na ajiye kwanon a gabansa na ce, "Tawa ce, Baba."