Na kai Umma kufai

Bayan Baba ya rasu muka ɗauko Umma zuwa gidanmu a garin Bowie, can ƙasar waje. Ta gama takaba, amma ta ƙi fitowa daga ɗaki. Daga sallaya sai gado. Ko walimar suna aka yi a Clinton, garin da ke kusa da mu, sai ta ce a gaishe su. Ina kallo tana ramewa, abin yana ci mini rai, ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Da hutun yara ya zo na yanki tikitin Turkiyya har da ita, ban yi shawara da kowa ba. Maigidana ya ce ba za ta yarda ba. Na ce ya zuba ido.

"Wa muke da shi a can?" in ji Umma.

"Tsohon gari za mu gani, Umma."

Gari kawai ta ji. Ta cika jaka da yaji da turaren wuta da turmin atamfa, wai ba a shiga garin mutane hannu rabbana. Na san babu wanda za a bai wa, amma na ƙyale ta, don tsarabar ce ta sa ta tashi tsaye.

Ranar da muka isa Afisa, tsohon garin, rana ta take. Ginshiƙai a tsaye ba rufi, duwatsu a zube ko'ina. Yara suka ruga suna ɗaukar hoto, suna surutu da Turanci. Umma ta tsaya a ƙofar wani gida, jaka a hannu, ta yi sallama. Ta sake yi. Sannan ta juyo.

"Ina masu gidan?"

"Sun daɗe da mutuwa, Umma."

"Ke 'yar nan, kufai kika kawo ni? Mutuwar da na baro ba ta ishe ni ba?"

Ta zauna a kan dakali ta ce a nan za ta jira mu. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na ga ɗakin Bowie ya biyo mu har nan. Na zauna kusa da ita na ce ni ma ba inda za ni. Maigida ya ja yara suka yi gaba.

Mun daɗe a haka, zufa tana keto mana. Can ta shafa dutsen bakin ƙofar, inda ƙafafu suka cinye shi ya yi rami.

"An yi zirga-zirga a gidan nan," ta ce. "Kamar zaurenmu lokacin Malam."

Tun rasuwar Baba ba ta ambace shi a gabana ba. Ta yi kuka, na bar ta ta yi. Da ta share ido da bakin mayafi sai ta dubi titin dutsen da ya miƙe zuwa gangare.

"Har ina ya kai?"

"Da nisa, Umma."

"Kama ni in tashi."